Hantsin Lahadi a Unguwar Tondo

Shinkafa ce ta kai ni ƙasar Filifin a watan Nuwamban 2024. Ni malamar gona ce, kuma an tura mu kwas a garin Los Baños, kudu da birnin Manila, inda cibiyar binciken shinkafa ta duniya take tun 1960 a gindin dutsen Makiling. A can aka fitar da irin IR8 a 1966, wanda ya sauya noman shinkafa a nahiyar Asiya, a can ne kuma ake ajiye samfurin iri sama da 130,000 a ɗakunan sanyi. Wannan labarin zai zo a ranarsa. Yau labarin wata dattijuwa tela zan ba ku, wadda na kwana a gidanta a unguwar Tondo, da abin da ta faɗa mini game da gasar sarauniyar kyau, abin da mutanen ƙasarta suka ɗauka da zafi fiye da yadda baƙo zai taɓa zato.

Tun daga Doha na fara sanin mutanen da zan je wa. Wurin jiran jirgin Manila cike yake da mata, yawancinsu 'yan aikin gida da ma'aikatan jinya daga Saudiyya da Kuwait da Ƙatar, kowacce niƙi-niƙi da tsarabar yara. Duk wadda ta taɓa zuwa Umara ko ta kwanta asibiti a Jidda ta san waɗannan fuskokin. Miliyoyin 'yan ƙasar ne ke aiki a ƙetare, kuma abin da suke aikawa gida a shekara ya haura dala biliyan 30. Da tayar jirgi ta taɓa ƙasa sai suka ɓarke da tafi. Wadda ke kusa da ni ta yi ta share hawaye da bayan hannu, ta ce ta bar ɗanta yana rarrafe, yanzu yana aji biyu.

Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, alƙibla kuma ta koma yamma, abin da ya ɗauke ni lokaci kafin jikina ya saba. Tun watan Satumba suke fara adon Kirsimeti, don haka ko'ina fitilu ne masu siffar tauraro. Amma abin da ya fi tsaya mini a ido a kan babban titin EDSA shi ne allunan talla, manya-manya, wasu sun fi gidan bene tsawo. A kansu 'yan mata ne farare tas, masu dogon hanci, suna tallar sabulu da mai da ƙwayar hasken fata. Na sauke ido ƙasa na dubi mutanen da ke cike da motocin jifni, waɗanda suka samo asali daga jif-jif ɗin da sojojin Amurka suka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da wuya ka ga fuska ɗaya mai kama da ta kan allo. Yawancinsu wankan tarwaɗa ne, wasu ma sun fi ni duhu.

Wata matashiya da ke taimaka mana a ɗakin gwaje-gwaje ce ta gayyace ni gidansu ƙarshen mako. Ta ce ranar Lahadi da hantsi za a nuna zagayen ƙarshe na Miss Universe kai tsaye daga birnin Meziko, kuma mahaifiyarta ta ji cewa akwai 'yar Najeriya a cikin ɗaliban kwas, ta ce lallai a kawo mata ita. Na gaya mata gaskiya cewa ni ba mai kallon irin wannan ba ce. Ta yi murmushi ta ce ko ban kalla ba in zo in ci kifi.

Ranar Asabar muka shigo Manila. Na yi azahar a Masallacin Zinare da ke Quiapo, wanda aka gina a 1976 lokacin da ake sa ran ziyarar Gaddafi, ziyarar da ba ta yiwu ba. Kewayensa 'yan kasuwa ne Musulmi daga tsibirin Mindanao, masu sayar da hijabi da turare da abincin halal. Daga nan matashiyar ta ja ni zuwa Cubao don in ga Araneta Coliseum. Ni abin da na sani game da wannan gini shi ne a cikinsa Muhammad Ali da Joe Frazier suka yi damben nan na ranar 1 ga Oktoban 1975, wanda babanmu bai gaji da ba da labarinsa ba. Ita kuwa abin da ta sani shi ne nan ne gidan Binibining Pilipinas, gasar ƙasa da Stella Márquez Araneta ta jagoranta tun 1964. Stella 'yar Kolombiya ce, ita ce ta fara cin Miss International a 1960, ta auri ɗan gidan Araneta ta zauna a Manila. Abokiyar tafiyata ta ce abu uku ke tsayar da ƙasarsu cak: dambe, ƙwallon kwando, da gasar kyau.

Tondo tana bakin tashar jiragen ruwa, tana cikin unguwanni mafiya cunkoso a duniya. Lunguna ne da mutum biyu ba sa jerawa, wayoyin lantarki a harɗe a sama, shanya ta kowace taga, yara na jefa ƙwallo cikin zoben ƙarfe da aka kafa a jikin bango. Gidansu ɗaki biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa shi ne shago: keken ɗinki biyu, robobi cike da duwatsun ado da 'yan ƙyalƙyali da ake sarowa a kasuwar Divisoria da ke nan kusa, da riguna masu jan ƙasa rataye cikin leda. Mahaifiyarta, telar, kowa a lungun Nanay yake ce mata, wato inna, ni ma haka na kira ta. Ta haura sittin, gajeriya, baƙa, da tabarau a kan hanci. Ta tarbe ni da sallama cikakkiya da Larabcin Jidda, domin ta daɗe tana aikin gida a can. Kafin in buɗe baki ta nuna mini sabuwar tukunya, ta ce naman alade bai taɓa shiga cikinta ba, ta nuna mini inda zan fuskanta idan zan yi salla. Ta dafa kifi a romon tsamiya da ganye, muka ci da shinkafa.

Bayan cin abinci ta ɗauko littafinta. Tsohon littafin lissafi ne na 'yan kasuwa mai baƙin bango, an ƙara masa takardu har ya kumbura. A cikinsa ta rubuta sakamakon manyan gasannin nan shekara bayan shekara. Ta fara da 1969, shekarar da Gloria Diaz ta zama 'yar Filifin ta farko da ta ci Miss Universe, a daidai kwanakin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. Nanay tana ƙaramar yarinya lokacin, a rediyon maƙwabta ta ji. Sai Margie Moran a 1973 a birnin Atina, sai dogon jira na shekara 42 kafin Pia Wurtzbach a 2015, sai Catriona Gray a 2018 a Bankok. Ta nuna mini Megan Young da ta ci Miss World a tsibirin Bali a 2013, da Gemma Cruz da ta buɗe musu ƙofar Miss International a 1964. Ba ta duba takarda idan tana lissafawa.

A kowane shafi layi biyu ne. Na hagu sunan wadda alƙalai suka ba kambi. Na dama sunan wadda ita Nanay ta zaɓa. Na bi shafukan da yatsa, na ga ba kasafai layukan biyu ke haɗuwa ba. A 1999 ta rubuta Miriam Quiambao, wadda ta zame ta faɗi a kan dandamali a Tirinidad, ta miƙe ta ci gaba da tafiya, ta ƙare ta biyu. A 2010 ta rubuta Venus Raj, 'yar talakawa daga lardin Camarines Sur, baƙa, wadda ta koyi takun ƙasaita a kan kunyoyin gonar shinkafa, ta zo ta biyar a duniya. A 2019 kam layukan sun haɗu a kan Zozibini Tunzi ta Afirka ta Kudu, wadda ta shiga gasa da gajeren gashinta na Allah, ba ƙari ba shafe.

Na tambaye ta da me take aunawa. Ta cire tabarau ta ce, "'Yata, ni a durƙushe nake ganinsu." Ta ce shekara da shekaru tana yi wa 'yan matan unguwanni ɗinkin gasa, domin a ƙasarsu babu unguwa ko makaranta ko bikin waliyyin gari da ba a naɗa sarauniya. Aikinta shi ne ta durƙusa a ƙafar yarinya da allurai a baki tana daidaita lafin riga. Daga nan ƙasa tana ganin abin da alƙali ba ya gani: dunduniyar da takalmi mai tsini ya tsattsage, salatif ɗin da aka ɗaure ciki da shi, yarinyar da ta wuni ba ta ci komai ba har gwiwarta na rawa. Tana kuma ganin wadda za ta sunkuyo ta ce sannu Nanay, da wadda za ta ture hannunta da ƙafa. Ta ce bayan an sanar da sakamako takan tsaya a bayan labule ta ga abin da waɗanda suka faɗi za su yi. Akwai mai jefar da furenta, akwai mai zuwa ta gyara wa wadda ta ci kambinta don kada ya zame. Ta ce ta biyun nan ita take rubutawa a layin dama, ko da hancinta a baje yake.

A saman hotunan sarauniyoyin da ta manna a bango akwai bangon wata mujalla. Hoton wata tsohuwa ce tukuf, jikinta duk zane, da jan baki da duwatsun wuya. Apo Whang-Od ke nan, mai zanen jiki na gargajiya daga ƙauyen Buscalan a tsaunukan Kalinga, wadda mujallar Vogue ta Filifin ta sa a bangonta a watan Afrilun 2023 tana da shekara 106. Nanay ta ce da gangan ta ɗora ta a sama da kowa.

Tarihin abin ma ta san shi, har da inda ba shi da daɗin ji. Sifaniyawa sun mulke su sama da shekara 300, suka bar musu addinin Katolika da jerin gwanon watan Mayu, inda ake zaɓen 'yan mata a yi musu ado su zaga gari. Amurkawa suka karɓa a 1898, kuma a zamaninsu aka fara bikin Manila Carnival a 1908, inda aka naɗa Pura Villanueva sarauniya. Ita wannan ba ta tsaya ga kambi ba, marubuciya ce da ta yi gwagwarmaya har matan ƙasar suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a 1937. Amma daga waɗannan masu mulki biyu ne kuma aka gaji ra'ayin cewa mai kyau ita ce fara mai jinin Turawa. Nanay ta ce in dubi sunayen da kaina: mahaifin Pia Bajamushe ne, na Catriona ɗan asalin Sikotlan ne mazaunin Ostireliya, na Megan Ba'amurke. Tana son su duka, ta ce, 'ya'yanta ne, amma ta san dalilin da ya sa masu horarwa ke rububin irinsu. Ta kuma tuna 1974, lokacin da aka kawo Miss Universe Manila karo na farko a ƙarƙashin dokar soja ta Shugaba Marcos. Matarsa Imelda ta sa aka gina zauren Folk Arts Theater cikin kwana 77. Abin da ita Nanay ta riƙe daga wannan shekara shi ne katangun da aka kakkafa a bakin hanya don kada baƙi su hango gidajen talakawa.

A nan na ga ya dace in faɗa mata nawa. Na ce ni 'yar Kaduna ce. Kafin in ƙarasa ta ce, "2002." Ta sani. Bayan Agbani Darego ta ci Miss World a 2001, aka shirya kawo gasar Abuja a shekara mai bi. Cikin watan azumi wata jarida ta buga rubutun da ya taɓa mutuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, garin Kaduna ya kama da wuta, aka rasa rayuka sama da 200, Musulmi da Kirista, aka kwashe 'yan takara zuwa Landan. A littafinta jimla ɗaya ce, cewa an sauya wuri kuma 'yar Turkiyya ta ci. Ni kuwa hayaƙi nake tunawa, da maƙwabtan da suka tashi ba su dawo ba, da yadda garin ya rabu biyu a kan kogi. Na ce mata tun daga lokacin ko sunan gasar ba na son ji. Na ƙara da cewa ko babu wannan, addinina da tarbiyyata ba su yarda a tsayar da 'yar mutane da kayan wanka a gaban duniya ana ba ta maki ba.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta gicciya hannu a ƙirji yadda 'yan Katolika ke yi, ta yi wa mamatan addu'a. Ta ce batun kayan wanka ba ta da abin kare shi. Ita kanta ta san kamfanin sayar da kayan ninƙaya ne ya ƙirƙiro Miss Universe a 1952 don tallar hajarsa, Donald Trump ya riƙe ta daga 1996 zuwa 2015, wani kamfanin Tailan ya saye ta dala miliyan 20 a 2022. Kasuwanci ne, ta ce, ba ta taɓa ɗaukarsa wani abu daban ba. Miss World ma ta sanar da daina zagayen kayan wanka tun ƙarshen 2014, kuma ba abin da ya ragu. Ta ga iyayen da suka ci bashi don rigar dare ɗaya, ta ga gasar ƙauye inda mai yawan kuɗin ƙuri'a ke cinyewa. "To amma bari in gaya miki abin da ya sa ban rufe littafin nan ba," in ji ta.

A watan Disamban 2015 tana Jidda. Cikin dare, mutanen gida na barci, ta zauna a kicin da wayarta a kan cinya, ta rage murya. A Las Vegas mai gabatarwa Steve Harvey ya sanar da 'yar Kolombiya, aka ɗora mata kambi, Nanay ta kashe waya tana kuka. Sai saƙonni suka fara shigowa daga ƙawayenta a Riyad da Dubai da Hong Kong: kunna, kunna, kuskure aka yi. Ta kunna ta ga an cire kambin an ɗora wa Pia. Ta ce ta cusa tsumman goge-goge a baki don kada ihunta ya tashi gidan. Da gari ya waye 'yar masu gidan, wadda ita Nanay ta raina tun tana zanen goyo, ta shigo kicin da hoton a wayarta ta ce, "Wannan 'yar ƙasarku ce?" Daga nan ta zauna ta yi ta tambaya: yaya ƙasarku take, akwai teku, me kuke ci, 'ya'yanki nawa. Nanay ta ce mutanen kirki ne, ba su taɓa cutar da ita ba, amma duk tsawon zamanta a gidan wannan ce ranar farko da wani ya tambaye ta daga ina ta fito. Ta ce a ƙasashen da suke aiki, idan aka ambaci 'yar Filifin abin da ke zuwa ran mutane shi ne mai wanke-wanke. Dare ɗaya a shekara ake kiran sunan ƙasarsu da ƙarfi a gaban duniya, mace ta fito a tsaye, kanta a sama, ana tafa mata.

Ban sami abin cewa ba, kuma har yau ina jin wannan ita ce magana mafi nauyi da na ji a tafiyar. Wanda ya ƙoshi da mutunci a gidansa yana iya raina inda wani ke neman nasa. Ni na zo da hukuncina a kammale, kuma hukuncin yana nan, amma ban san yunwar da abin yake kashewa ba sai a wannan daren.

Da daddare iska ta tashi. Mahaukaciyar guguwar da suka sa wa suna Pepito ta afka wa tsibirin Catanduanes a daren Asabar ɗin, ita ce ta shida da ta ratsa yankinsu cikin wata guda. Wata maƙwabciya 'yar yankin Bicol ta kwana tana neman 'yan uwanta a waya. Duk da haka, kafin hantsi an jawo talabijin zuwa ƙofar shago, an kafa tamfol, an jera benci. Lungun ya cika maƙil, tamkar gidan kallon ƙwallo a Kaduna ranar wasan ƙarshe na kofin Turai: tsofaffi, direbobin babur mai ƙafa uku, yara a kan kafaɗa, da masu gyaran gashi da kwalliya, waɗanda suka fi kowa haddace tarihin gasar kuma suka fi kowa ƙarfin murya. Wasu sun je coci tun asuba don kada su rasa farko. Na zauna daga ciki kusa da keken ɗinki, inda nake ganin fuskokin jama'a fiye da allon, kuma da aka zo zagayen da ba zan iya kallo ba na hau sama.

Wakiliyarsu a wannan shekara Chelsea Manalo ce, 'yar lardin Bulacan, mahaifinta baƙar fatar Amurka. Ita ce mai jinin baƙar fata ta farko da ta ci Miss Universe ta ƙasar Filifin, kuma ta sha faɗin irin tsokanar da ta sha tana yarinya saboda fatarta da gashinta. Cikin 'yan takara sama da 120 ta shiga jerin 30, lungu ya kaure da ihu har karnuka suka kama haushi. Da aka kira 12 babu ita. Shiru ya sauka, wata ta fashe da kuka, wani ya ce an yi musu maguɗi.

Sai aka ga Najeriya na nan. Wani yaro ya leƙo shago ya nuna ni da yatsa, kafin in ankara lungun gaba ɗaya ya juyo. Chidimma Adetshina ce, kuma sun fi ni sanin labarinta. An haife ta a Soweto, uba ɗan Najeriya, ta shiga gasar Afirka ta Kudu, aka taso ta da zagi da tuhuma a kan asalinta har ta janye a watan Agusta. Aka gayyace ta Najeriya, ta wakilci jihar Taraba, ta ci. Yanzu ga ta cikin biyar na ƙarshe tare da Denmak da Meziko da Tailan da Benezuwela. Mutanen Tondo suka koma kiran Najeriya da baki ɗaya, suna buga benci. Aka yi ta ragewa har ya zama saura biyu riƙe da hannun juna, ita da Victoria Kjær Theilvig ta Denmak. Aka ba Denmak. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta rungume ni tana ba ni haƙuri. Nanay ta buɗe littafi a kan keken ɗinki, ta rubuta Denmak a hagu, ta rubuta Najeriya a dama. Ta ce yarinyar da aka ce mata ba 'yar nan ba ce a ƙasar da aka haife ta, ta tsaya da ƙafarta bayan wata uku, duk wadda ta taɓa zaman ƙasar wani ta san abin da wannan ke nufi.

Akwai wata yarinya da ta wuni a gefen Nanay tana zura duwatsu a zare, jikarta ce, ba ta wuce shekara goma sha biyar ba. Baƙa ce sosai, mai murɗaɗɗen gashi, kyakkyawa ta gasken gaske. Bayan jama'a sun watse Nanay ta jawo wata leda daga ƙarƙashin teburin yanka ta zazzage mini: sabulun gwanda, man shafawa marar rubutun kamfani, da kwalbar ƙwayoyin gulutatayon. A jakar makarantar yarinyar ta same su bara. Da kuɗin tara ta saya, saboda sunayen da 'yan ajinsu ke kiran ta da su. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta sha gargaɗi a kan allurar gulutatayon don hasken fata, amma ana yin ta a shagunan kwalliya, kuma da muka ratsa Divisoria da yamma na ga irin waɗannan mayuka tuli-tuli a kan tebura. Nanay ta ce faɗa bai yi aiki ba, nasiha ba ta yi ba. Abin da ya yi aiki shi ne daren watan Mayun 2024 da aka ɗora wa Chelsea kambi. Washegari yarinyar ta tafi makaranta da gashinta a sake.

Na yi murna da jin haka, na kuma ji baƙin ciki. Gasar da ta taimaka wajen koya wa yarinyar nan ƙin fatarta ita ce ta dawo ta ba ta izinin son ta, kuma idan alƙalai suka koma ga farare baɗi, izinin na iya tafiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ban sauya ra'ayi a kan gasar ba, kuma na faɗa wa Nanay haka kafin mu rabu. Sikelin yana hannun masu kamfani, su ke da ikon karkata shi duk inda riba take. Ba ta musa ba. Ta ce shi ya sa take da layin dama.

Da na dubi kayan da ke cikin ledar nan, babu wanda ban sani ba. Mu ba mu da dandamali da kambi a Kaduna ko Kano ko Maraɗi, amma muna da mai haɗi da ake zubawa a roba ba suna ba lamba, muna da amaren da ake tsarewa a ɗaki a canza musu launi kafin biki, muna da masu shafa wa jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa daga cikin mayukan nan na ɗauke da sinadarin makuri ko haidirokwinon ko sitiroyid, masu sirantar da fata su hana rauni warkewa, makuri kuma yana lalata ƙoda. Alƙalanmu suna cikin gida: uwar miji mai tambaya ko yarinyar fara ce kafin ta tambayi gidan su wa, saurayi mai cewa fara ko mayya ce, gwaggo mai duban jaririya ta ce kash, ta ɗauko baƙin ubanta, da masu shirya fim da ba sa ba baƙa matsayin tauraruwa sai na 'yar aiki.

Ina roƙon iyaye mata 'yan uwana, da malaman makarantun 'yan mata: ku duba jakunkunan 'ya'yanku da kan madubinsu, ku karanta abin da ke jikin robar, wadda ba ta da lambar NAFDAC ku raba su da ita. Ku kuma daina yabon farar fata a gaban baƙar yarinya, domin tana jin ku.